Tsatsar ƙwayoyin jiki: Yadda ƙiba ke buɗe ƙofa ga ciwon sukari da hawan jini

A kowace ranar aiki, tun kafin gari ya waye sosai, ɗimbin mazauna Suleja da ke Jihar Neja kan hau mota su bi ta Madalla da Zuba zuwa wuraren aikinsu a Abuja, su dawo gida bayan faɗuwar rana. Tsakanin zaman mota da zaman ofis ko shago, yawancin sa'o'in yinin mutum kan ƙare ne a kan kujera, abincinsa kuwa abin da ya samu a bakin hanya: soyayyar doya, ƙosai, fanke, burodi da shayi mai sukari, da lemon kwalba. Bayan 'yan shekaru sai tumbi ya fito, jama'a su ce wane ya samu hutu.

Likitoci suna kallon wannan tumbi da wata fuska dabam, domin shi ne kan riga ciwon sukari da hawan jini da shanyewar ɓarin jiki zuwa. Ɗaya daga cikin hanyoyin da masana suka gano cewa suna haɗa ƙiba da waɗannan cututtuka shi ne wani yanayi da za a iya kira da Hausa tsatsar ƙwayoyin jiki. Wannan bayani zai fayyace ma'anarta, yadda kitse ke ƙara ta, ɓarnar da take yi, da abin da bincike ya nuna yana rage ta.

Mece ce tsatsar ƙwayoyin jiki?

Kowa ya san abin da ke samun ƙarfen da aka bari a waje, da yadda doya ko yalo ke canja launi jim kaɗan bayan an yanka, da yadda man gyaɗa ke sauya wari in ya daɗe a buɗe. Duk waɗannan aikin iskar oksijin ne. Wannan iska da muke shaƙa ita ce ke ƙona abinci a cikin jiki ya zama ƙarfi, kuma ƙonawar na faruwa ne a cikin wasu ƙananan sassa na kowace ƙwayar halitta da ake kira mitokondiriya, waɗanda suke tamkar murhu.

Babu murhun da ba ya fitar da tartsatsi. A yayin ƙona abinci, wani ɗan kaso na oksijin kan rikiɗe ya zama wasu sinadarai marasa natsuwa masu saurin far wa duk abin da suka taɓa. Daga cikinsu akwai sufa'oksaid, akwai kuma haidirojin faroksaid, irin wanda ake wanke rauni da shi. Idan suka yi yawa sukan lalata maiƙon da ke bangon ƙwayar halitta, su gurɓata furotin, su taɓa ƙwayoyin gado.

Jiki yana da nasa masu kashe wannan tartsatsi. Wasunsu shi yake ƙera su da kansa, kamar sufa'oksaid dismutas, wanda masana biyu a Amurka, Joe McCord da Irwin Fridovich, suka gano aikinsa a 1969, da katalas, da gulutatayon. Wasu kuma daga abinci ake samun su, kamar bitamin C da bitamin E da sinadaran da ke ba ganyaye da 'ya'yan itatuwa launinsu.

Tartsatsin yana da nasa amfani idan bai wuce kima ba. Fararen ƙwayoyin jini suna kashe ƙwayoyin cuta da shi, ƙwayoyin halitta kuma suna aika wa juna saƙo ta hanyarsa. Matsala tana tasowa ne idan abin da ake fitarwa ya rinjayi abin da jiki ke iya kashewa, aka kuma daɗe a haka. Wannan rinjaye shi ne masanin nan na Jamus, Helmut Sies, ya raɗa wa suna ya kuma fayyace ma'anarsa a 1985.

Yadda ake gane ƙiba

Hukumar Lafiya ta Duniya tana amfani da ma'aunin da ke haɗa nauyi da tsawo. Ana ninka tsawon mutum a mita da kansa, sannan a raba nauyinsa a kilo da abin da aka samu. Idan sakamakon ya kai 25, nauyi ya wuce kima. Idan ya kai 30, ƙiba ce. Alal misali, mutumin da tsawonsa ya kai mita 1.70 ya shiga rukunin farko da zarar ya haura kilo 72, ya kuma shiga na biyu idan ya kai kimanin kilo 87.

Faɗin ƙugu ma yana da muhimmanci, domin kitsen da ke taruwa a cikin ciki, kewaye da hanji da hanta, ya fi na cinya da na ɗuwawu haɗari. Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta sanya santimita 94 ga maza da santimita 80 ga mata a matsayin iyakar da haɗari ke fara ƙaruwa. Tef ɗin tela ya isa a yi wannan awo a gida.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana da ƙiba, kuma yawan manya masu ƙiba ya ninka fiye da sau biyu tun daga 1990. A Nijeriya, binciken lafiyar al'umma da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2018 ya gano cewa kashi 28 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima ko suna da ƙiba, yayin da kashi 12 cikin 100 suke da rama. Matan birane sun fi na karkara yawa a rukunin masu ƙiba.

Yadda kitse ke ƙara tartsatsi

Da can ana ɗaukar kitse a matsayin rumbu kawai, inda jiki ke ajiye rarar abinci. Wannan fahimta ta sauya a farkon shekarun 1990. A 1993 Gökhan Hotamisligil da Bruce Spiegelman suka nuna cewa kitsen dabbobi masu ƙiba yana fitar da wani sinadari mai haddasa kumburi, a 1994 kuma Jeffrey Friedman da abokan aikinsa a birnin New York suka gano leftin, sinadarin da kitse ke aikawa ƙwaƙwalwa game da yunwa da ƙoshi. Daga nan aka gane cewa kitse gaɓa ce mai aiki, mai tasiri a kan sauran jiki.

Akwai hanyoyi da dama da yawan kitse ke karkata ma'aunin. Ta farko ita ce cika murhu da itace: idan sukari da maiƙo suka yi ta kwarara cikin ƙwayoyin halitta fiye da abin da jiki ke buƙata, mitokondiriya kan yi aiki fiye da ƙarfinsu, tartsatsi ya ƙaru. Ta biyu ita ce kumburar ƙwayoyin kitse da kansu. Idan suka yi girma ainun, jini ba ya isa gare su yadda ya kamata, wasu su mutu, fararen ƙwayoyin jini su taru don kwashe su, kuma waɗannan suna zuwa ne da nasu tartsatsin. Sakamakon haka shi ne wani irin kumburi na ɓoye, marar zafi da zazzaɓi, wanda kan ɗauki shekaru. Ta uku ita ce raguwar kariya: a jikin mai ƙiba, aikin sinadaran kashe tartsatsi kan ragu, haka ma adifonektin, wani sinadari mai amfani da lafiyayyen kitse ke fitarwa don taimaka wa insulin da jijiyoyin jini.

Bincike biyu sun yi fice wajen tabbatar da wannan alaƙa. A 2003, masu nazarin lafiyar zuciya na garin Framingham da ke Amurka sun auna alamun tsatsa a fitsarin mutane kimanin 2,800, suka ga cewa alamun suna ƙaruwa tare da nauyin jiki, da ciwon sukari, da shan taba. A 2004, Shigetada Furukawa da abokan aikinsa a Japan suka nuna cewa ko a jikin mutanen da ba su da ciwon sukari, alamun suna hawa gwargwadon yawan kitse. A jikin ɓeraye masu ƙiba kuwa sun gano cewa daga kitsen ne ƙarin tartsatsin ke fitowa, kuma da suka dakushe sinadarin da ke ƙera shi, sukarin jinin ɓerayen da kitsen hantarsu sun ragu.

Masana suna ci gaba da muhawara kan iyakar inda tsatsa take sanadi da inda take sakamako, domin kumburi yana haifar da ita, ita ma tana ƙara kumburi. Abin da aka yi ittifaƙi a kai shi ne cewa su biyun suna ciyar da juna, kuma yawan kitse ne ke riƙe da su.

Cututtukan da ke biyo baya

Ciwon sukari nau'i na biyu. Insulin shi ne mabuɗin da ke ba sukari damar barin jini ya shiga tsoka da sauran sassan jiki. Tsatsa da kumburi suna toshe hanyar da saƙonsa ke bi, sai jiki ya daina jin sa sosai. Fankiriyas, gaɓar da ke bayan tumbi mai samar da insulin, sai ta ƙara ƙoƙari don cike giɓin. Sai dai ƙwayoyinta masu wannan aiki suna cikin waɗanda kariyarsu daga tartsatsi ta fi ƙaranci a duk jiki, don haka sukan gaji su lalace a hankali. Idan sukari ya hau, shi ma ƙara tartsatsi yake yi. A 2001 likita Michael Brownlee ya bayyana cewa wannan ƙarin shi ne tushen da ɓarnar ciwon sukari a ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa take tasowa daga gare shi.

Hawan jini da cututtukan zuciya. Shimfiɗar cikin jijiyoyin jini tana fitar da wata iska mai suna naitirik oksaid, wadda ke sa jijiya ta saki ta buɗe. Gano wannan aiki nata ne ya sa aka ba masana uku kyautar Nobel a 1998. Sufa'oksaid yana haɗuwa da wannan iska nan take ya lalata ta, sai jijiyoyi su ƙage, bugun jini ya hau. Bugu da ƙari, idan kolastarol nau'in LDL ya yi tsatsa, yakan maƙale a bangon jijiya ya taru ya rage faɗinta. Ranar da tarin ya fashe ya toshe hanya, idan a zuciya ne ya zama bugun zuciya, idan a ƙwaƙwalwa ne ya zama shanyewar ɓarin jiki.

Kitsen hanta. Hanta kan tara maiƙo ko da mutum bai taɓa shan barasa ba. A jikin wasu, tsatsa na cikin abubuwan da ke mayar da wannan tari kumburi, daga nan ya zama tabo, har hantar ta ƙanƙance. Sau da yawa ba a jin wata alama sai abin ya yi nisa.

Ciwon daji. A 2016 Cibiyar Binciken Ciwon Daji ta Duniya da ke birnin Lyon na Faransa ta bayyana cewa akwai isassun hujjoji da ke danganta yawan kitse da nau'o'in ciwon daji 13, ciki har da na hanji, na mahaifa, na ƙoda, na hanta, da na mama bayan ɗaukewar haila. Lalacewar ƙwayoyin gado ta hanyar tartsatsi na ɗaya daga cikin dalilan, tare da yawan insulin da sauyin sinadaran haihuwa.

Abin da ya sauya a Suleja

Suleja ita ce tsohuwar Abuja, garin da Abu Ja na gidan sarautar Zazzau ya kafa a 1828. Bayan da aka yanke shawarar gina sabon babban birnin tarayya a 1976, garin ya bar wa birnin sunansa, ya ɗauki sabon suna don girmama Sarki Sulaimanu Barau. Tun da gwamnati ta ƙaura daga Legas a ranar 12 ga Disamba, 1991, Suleja ta zama mazaunin ma'aikata da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu waɗanda tsadar haya ta hana su zama a cikin birnin.

Cikin ƙarni ɗaya da ƙyar, rayuwar noma da tafiyar ƙafa da daka da ɗiban ruwa ta koma ta babur da keke mai ƙafa uku da injin niƙa. Tuwon dawa da na gero masu dusa sun ja baya ga farar shinkafa da taliya da burodin fulawa, waɗanda ke saurin zama sukari a jini. Man suya da ake maimaita ɗorawa a wuta yini guda, har ya yi baƙi, ya riga ya yi tsatsa tun a kasko. Hayaƙin itace da na gawayi a madafa, da na janareta da ababen hawa, da taba sigari da shisha, duk suna ƙara wa huhu da jini tartsatsi a kan wanda kitse ke fitarwa.

Akwai kuma al'adar ɗaukar ƙiba a matsayin alamar wadata ga namiji da alamar kulawar miji ga mace. Wannan ne ke sa wasu mata shan magungunan da ake kira sha-ka-fashe. Daga cikin abin da ake sha har da deksametason, magani mai ƙarfi da likita ke rubutawa don wasu cututtuka na musamman. Shan sa na tsawon lokaci ba bisa ƙa'ida ba yana tara kitse a ciki da fuska, yana ɗaga sukari da bugun jini, yana raunana ƙashi da garkuwar jiki. Wadda ta daɗe tana shan sa kada ta daina farat ɗaya; likita ne zai tsara yadda za a rage shi a hankali.

Me ya sa ƙwayoyin bitamin ba su warware matsalar ba?

Da aka gano illar tartsatsi, mutane da yawa, har da masana, sun zaci cewa shan bitamin mai yawa zai kare zuciya ya hana ciwon daji. Manyan gwaje-gwaje sun ƙaryata wannan zato. A ƙasar Finland an gwada sinadarin beta-karotin a kan maza masu shan taba kimanin 29,000, kuma sakamakon da aka fitar a 1994 ya nuna cewa ciwon dajin huhu ya ƙaru da kashi 18 cikin 100 a tsakanin waɗanda suka sha. Wani gwaji a kan maza kimanin 35,000, wanda aka bayyana sakamakonsa a 2011, ya nuna cewa ƙwayar bitamin E ta ƙara haɗarin ciwon dajin furostet da kashi 17 cikin 100. A 2009 kuma Michael Ristow da abokan aikinsa a Jamus suka gano cewa samarin da suka haɗa motsa jiki da shan bitamin C da E masu yawa ba su samu ingantuwar aikin insulin da sauran suka samu ba.

Bayanin da ake bayarwa shi ne cewa ɗan tartsatsin da motsa jiki ke tayarwa shi ne ke zaburar da jiki ya ƙara ƙera tasa kariyar, kuma dannewa da ƙwaya na kashe wannan saƙo. Wannan darasi ne ga masu kashe kuɗi a kan shayin rage tumbi da magungunan wanke jini da ake tallatawa a tashoshin mota da shafukan sada zumunta. Bitamin yana da amfani ga wanda yake da ƙarancinsa, da mai juna biyu, da duk wanda ma'aikacin lafiya ya rubuta masa; amma ba ya maye gurbin rage kitse.

Abin da bincike ya nuna yana aiki

Rage nauyi, ko da kaɗan ne. Wani gwaji a Amurka a kan mutane fiye da 3,000 da ke dab da kamuwa da ciwon sukari, wanda aka wallafa a 2002, ya nuna cewa waɗanda aka ɗora a kan shirin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako sun rage haɗarin kamuwa da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 90, wannan bai wuce kilo shida da ɗan abu ba.

Motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, kamar tafiya da sauri. Minti 30 a kwana biyar ya cika mafi ƙarancin adadin. Ma'aikacin da ya sauka daga mota kafin ya kai ƙofar gida, ko ya taka daga bakin titi maimakon hawa babur, ya riga ya samu wani kaso.

Rage sukari da gishiri. Shawarar hukumar ita ce kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, wato kimanin giram 50 ko ƙaramin cokali 12 ga babba, gishiri kuma kada ya kai giram 5. Robar lemo ɗaya mai santilita 50 na iya ƙunsar adadin sukarin yini gaba ɗaya. Dunƙulen ɗanɗano ma gishiri ne, a lissafa da shi.

Ganyaye da 'ya'yan itatuwa, aƙalla giram 400 a yini. Kasuwannin Suleja ba su rasa zogale, rama, alayyafo, kuɓewa, tumatir, kabewa, gwaiba, lemo, gwanda da mangwaro a lokacinsa. Garin 'ya'yan kuka yana da bitamin C mai yawa. Wake, acca, dawa da gero da ba a surfe su ƙwarai ba suna jinkirta hawan sukari. Zoɓo yana da sinadaran kariya, amma yawan sukarin da ake zuba masa kan cinye amfaninsa. Manja yana ɗauke da karotin da bitamin E, sai dai ƙona shi har ya yi fari yana kashe karotin ɗin, kuma kusan rabinsa maiƙo ne mai daskarewa, don haka a yi amfani da shi kaɗan.

Barin taba, rage zama cikin hayaƙin girki, da samun isasshen barci suna cikin matakan.

Matakan hukuma da gwajin asibiti

Dokar Kuɗi ta 2021 ta sanya harajin Naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai sukari, aka fara karɓa a 2022. Hukumar NAFDAC kuma ta fitar da ƙa'idar da ta taƙaita maiƙon masana'anta mai illa ga zuciya zuwa giram 2 cikin kowane giram 100 na mai. Ana bikin Ranar Yaƙi da Ƙiba ta Duniya a 4 ga Maris, ta Ciwon Sukari kuma a 14 ga Nuwamba.

Auna tsatsar ƙwayoyin jiki aikin ɗakunan bincike ne, ba ya cikin gwajin da ake yi wa marar lafiya a kullum, kuma ba a buƙatarsa kafin a ɗauki mataki. Abin da ya kamata kowane baligi ya sani abu huɗu ne: nauyinsa, faɗin ƙugunsa, bugun jininsa da sukarin jininsa. Bugun jinin da ya kai 140 bisa 90 a awo daban-daban, ko sukarin da ya kai miligiram 126 da safe kafin a ci komai, suna buƙatar ganin likita. Ana yin waɗannan gwaje-gwaje a Babban Asibitin Suleja da cibiyoyin lafiya na matakin farko. Wanda aka riga aka ɗora a kan maganin hawan jini ko na sukari ya ci gaba da shan sa tare da gyaran abinci da motsa jiki, kada ya ajiye shi sai da iznin likitansa.